Kafin Ka Kai Zanenka Maɗaba'a: Yadda Ake Shirya Fayil Don Bugawa

Shekarun baya na yi wa wani ɗan'uwana zanen katin ɗaurin auren 'yarsa. A kwamfutata komai ya zauna daram, launi ya fito, rubutu ya yi kyau. Na zuba fayil a filashi na kai wa masu bugawa, washegari na koma karɓa. Kati 500 an buga, an yanke, an ɗaure da roba. Ina zaro ɗaya sai gabana ya faɗi: duk inda harafin ɗ ko ƙ yake, wani ɗan akwati ne ya zauna a gurbinsa, har a cikin sunan mahaifin ango. Mai injin ya dube ni ya ce, "Malam, abin da ka kawo shi muka buga." Gaskiya ya faɗa. Kwamfutarsu ba ta da samfurin haruffan da na yi aiki da shi, ni kuma ban kulle rubutun ba, wato ban mayar da haruffan zane ba. Saura kwana huɗu biki, dole aka sake sayen takarda aka sake bugu.

Tun daga ranar na gane cewa inji ba ya ganin abin da kake gani a sikirin. Abin da ke cikin fayil kawai yake karantawa, kuma kuskure ɗaya zai maimaita maka shi sau dubu. Ga yadda nake bin aikin yanzu, daga buɗe shafi har zuwa miƙa shi.

Fara da mai bugawa, ba da kwamfuta ba

Kafin ka ja layi ɗaya, kira wanda zai buga. Tambaye shi da wane inji zai yi aikin. Idan dijital ne, wanda 'yan sana'a ke kira DI, fayil yana tafiya kai tsaye daga kwamfuta zuwa takarda, kuma shi ya fi dacewa da aiki kaɗan, kamar kati 100 ko 200. Idan ofset ne, sai an raba zanenka gida huɗu, kowane launi da farantinsa, wato fallen ƙarfen da ake ɗora wa inji mai ɗauke da zanen. Kuɗin farantin ne ke sa ƙaramin aiki ya yi tsada a ofset, amma da zarar adadi ya kai dubbai, kuɗin kowane kwafi yana sauka sosai. Har yau a ƙananan maɗaba'u da yawa, daga Shomolu ta Legas har garuruwanmu na Arewa, za ka tarar da tsofaffin injinan Heidelberg irin su Kord da GTO. Kord mai launi ɗaya ce, wato takarda za ta ratsa ta sau huɗu kafin hoto ya kammala. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne dalilin rabin gargaɗin da ke ƙasa.

Tambaye shi kuma girman da aikin zai kasance bayan yanka, irin takardar da nauyinta, da irin fayil ɗin da yake so. Idan ya ce CorelDRAW, tambayi wace fitowa yake da ita, don tsohuwa ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa sai ka adana shi a matakin tsohuwar.

Girman shafi da rarar gefe

Buɗe shafi daidai da girman da za a yanke. A4 milimita 210 ne da 297, A5 148 da 210, A6 105 da 148, A3 kuma 297 da 420. Kada ka zana katin A6 a tsakiyar shafin A4 ka bar mai bugawa yana hasashen inda gefensa yake.

Wuƙar yanka tana sauka ne a kan tulin takardu ɗaruruwa lokaci guda, kuma komai ƙwarewar mai yankan, sai ta ɗan goce da milimita ɗaya ko biyu. Idan launin bayan zanenka ya tsaya cak a kan layin yanka, gocewar nan za ta bar wani siririn farin layi a gefe, irin wanda ke sa kati ya zama kamar na wasan yara. Maganinsa shi ne rarar gefe, abin da 'yan sana'a ke kira bilid: ka miƙa duk hoto ko launin da ya taɓa gefe ya wuce layin yanka da milimita 3 ta kowane ɓangare. Wato takardar A5 za ta zama 154 da 216 a fayil, A4 kuma 216 da 303. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kunna bilid a saitin shafi amma bai ja hoton ya cika wurin ba. Saitin kaɗai ba ya ƙara komai, sai ka ja da hannunka.

Ta ciki ma haka: rubutu, lambar waya da tambari su nisanci layin yanka da aƙalla milimita 4 ko 5. Ni dai ina shawartar mutane su haƙura da siririn zobe da ake kewaye kati da shi kusa da gefe. Gocewar da ido ba zai taɓa lura da ita ba, zoben nan ne zai tona ta, ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Launi

Nan ne rigima ta fi yawa tsakanin mai zane, mai aiki da mai inji. Sikirin yana haɗa launi da haske iri uku, ja, kore da shuɗi, shi ne RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake yi: shuɗi mai haske (C), ja mai ruwan hoda (M), rawaya (Y) da baƙi (K), su ne CMYK, kuma ana auna yawan kowace daga 0 zuwa 100. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa gare su ba, musamman kore shar mai ƙyalli, shuɗi mai walƙiya da lemo mai kashe ido. Idan ka yi zane a RGB aka juya shi a maɗaba'a, waɗannan launukan za su dushe, kuma ba ka nan balle ka gyara. Don haka saita fayil a CMYK tun farko, ka ga dushewar da idonka, ka zaɓi abin da za ka iya zama da shi. Idan mai aiki ya turo maka launi daga wayarsa ya ce shi yake so sak, faɗa masa gaskiya tun kafin a buga.

Shuɗi yana da wata matsala tasa. Wanda ka gani a sikirin shuɗi ne sosai, sai ya fito yana karkata zuwa shunayya. Dalili shi ne M ta yi kusa da C. Ka bar tazarar aƙalla 30 tsakaninsu, misali C100 M70 Y0 K0, shuɗinka zai tsaya shuɗi.

Sai baƙi, wanda iri biyu ne. Rubutu ƙanana da siraran layuka su zama K100 zalla, sauran ukun sifili. Ka tuna takardar nan da ke ratsa inji sau huɗu: idan harafi ɗan mitsitsi yana ɗauke da tawada huɗu, kuma faranti ɗaya ya goce da ƙiris, za ka ga inuwar ja ko shuɗi a gefen kowane harafi, karatu ya zama wahala. Abin da ke yaudarar mutane shi ne baƙin RGB, irin wanda Word ko Canva ko Photoshop ke bayarwa. A ido baƙi ne, amma in an juya shi yakan zama wani abu kamar C75 M68 Y67 K90. Latsa rubutunka ka duba lambobin da kanka. Idan kuma fili ne babba kake son ya fito baƙi wuluk, K100 kaɗai zai yi fari-fari kamar tsohon gawayi. Nan sai ka tallafa masa, misali C40 M30 Y30 K100.

Kada kuma ka cika hannu. Idan ka tara lambobin huɗun, kada jimlar ta wuce 300 a takarda mai santsi, a takarda marar santsi kuma gara ta tsaya wajen 240 zuwa 260. Tawadar da ta yi yawa ba ta bushewa da wuri, sai ta manne a bayan takardar da ke samanta. Akwai wani baƙi a jerin launuka mai suna Registration, wanda kowace tawada 100 ce, jimla 400. An yi shi ne don alamomin daidaita faranti kawai, kada ka taɓa shi.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne fuskokin mutane. Ɗigon tawada yana ɗan bazuwa idan ya sauka a takarda, saboda haka hoto yakan fito da duhu fiye da yadda yake a sikirin, kuma sikirin ɗin yawancinmu haskensa a ƙure yake. Fuskar mai duhun fata ita ta fi cutuwa: sai ka ga hoton ango ko na malamin makaranta a kalanda ya cushe, ba a rabe ido da kumatu. Kafin ka saka hoton, buɗe shi ka ɗaga hasken tsaka-tsakinsa da na inuwoyinsa kaɗan, musamman in a takarda marar santsi za a buga. Ba canza wa mutum launin fata ake nufi ba, so ake kamanninsa su tsira.

Idan kamfani yana da launin Pantone na tambarinsa, wato launi na musamman mai lambarsa, tambayi mai bugawa ko zai haɗa tawadar daban, wanda ke nufin ƙarin faranti da ƙarin kuɗi. In ba haka ba, juya shi zuwa CMYK. Duba kuma kada farin rubutu ya kasance an kunna masa Overprint, saitin da ke ɗora launi a kan wanda ke ƙarƙashinsa ba tare da an cire na ƙasan ba, domin a sikirin zai nuna, a takarda kuwa zai ɓace ɓat.

Hotuna

Abin da za a riƙe a hannu a karanta yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, a girman da zai fito a takarda. Lissafin ba wuya: raba yawan fiksel da 300, ka sami inci. Hoto mai faɗin fiksel 1200 zai ba ka inci 4, wato santimita 10 da 'yan kai. Hoton da zai cika A4 yana son fiksel 2480 da 3508. Idan ka ja ƙaramin hoto ya ninka girmansa, ka raba ingancinsa biyu. Shiga Photoshop ka sauya 72 zuwa 300 kana ƙara fiksel ba ya dawo da abin da babu, dishi-dishin ne kawai zai ƙara girma.

Mafi yawan hotunan da ake turo mana ta WhatsApp suke zuwa, kuma manhajar tana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Ka ce wa mai aiki ya nemo na asali daga wayar da ta ɗauka ko wurin mai hoto, ya turo shi a matsayin Document. Hoton da aka sauke daga Facebook, ko aka ɗauka daga fuskar waya, ko ya bi ta hannu biyar, ba ya yin fasta. In babu wani, rage girmansa a zanen ka faɗa wa mai shi dalili.

Tambari kuwa a nemo shi a zanen layi, wato CDR, AI, EPS ko SVG, wanda ko an ja shi ya kai bango ba ya fashewa. Idan JPEG ɗan ƙarami aka ba ka, zauna ka sake zana shi. Awa ɗaya ce za ta tafi, amma za ka daɗe kana morarsa.

Fileks da manyan allunan talla dokarsu daban, don daga nesa ake kallonsu. Ɗigo 100 zuwa 150 a cikakken girma ya wadatar ga wanda za a tsaya kusa da shi, na saman titi kuma ƙasa da haka ma yana yi. Bar fili a gefuna saboda ninki da ƙawanyun da za a ɗaura igiya.

Rubutu, da haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan shi ne abin da littattafan koyon zane na waje ba za su faɗa maka ba. Samfuran haruffa da yawa, musamman na ado da ake saukewa kyauta, ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, balle manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ. Wani lokaci akwati za ka gani, wannan ma da sauƙi don za ka lura. Mafi haɗari shi ne manhajar ta aro harafin daga wani samfuri a ɓoye, sai ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko ta fi 'yan'uwanta tsawo. Kafin ka zaɓi samfuri, rubuta "Ƙanƙara, ɗanɗano, ɓarɓashi" da shi, ka ƙara girma ka duba. Noto Sans, Noto Serif, Charis SIL, Gentium da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Cire lanƙwasar don gudun wahala ba mafita ba ce: ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki.

Akwai kuma tsofaffin samfuran Hausa na kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya yaɗu, waɗanda suka ɗora haruffan a kan maɓallan wasu alamomi. Idan marubuci ya kawo maka rubutu ka ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya, to da irinsu aka buga shi. Yi amfani da nema-da-sauyawa ka mayar da kowace alama harafinta na gaskiya, sannan ka bi da ido, don wani wurin alamar ce da gaske ake nufi.

Larabci ya fi wannan buƙatar kula. Wasu manhajojin zane, in ba a saita su ba, suna warwatsa haruffan ko su jera su daga hagu zuwa dama. Katin aure, kalandar Islamiyya da takardar saukar karatu kusan duk suna ɗauke da Bisimilla ko aya. Kada ka dogara da idonka in ba ka iya ba. Buga shi a takarda ka kai wa malami ya duba harafi da wasali, kafin ka wuce gaba.

Idan an gama duba rubutu, an tabbatar da sunaye, kwanan wata da lambobin waya, sai ka kulle shi, wato ka mayar da haruffan zane. A CorelDRAW ka zaɓi komai ka danna Ctrl da Q. A Illustrator Ctrl, Shift da O. Daga nan ko kwamfutar maɗaba'a ba ta da samfurinka, ba abin da zai motsa. Amma ka fara adana kwafi mai rai da wani suna, don rubutun da aka kulle ba ya gyaruwa, kuma mai aiki zai iya kira da dare ya ce an ɗaga ranar. Rubutun da ke cikin PowerClip, wato wanda aka cusa cikin wata siffa a CorelDRAW, ko wanda aka sa wa Lock don kada ya motsa, yakan tsallake, saboda haka buɗe Document Properties ka ga ko saura rubutu mai rai. A nan ma za ka ga ko akwai hoto ko launin RGB da ya maƙale. Littafi mai shafuka da yawa ba a kulle shi haka, sai dai a cusa samfuran cikin PDF.

Farin rubutu a kan launi mai duhu kada girmansa ya gaza maki (pt) 7 ko 8, kuma ya zama mai ɗan kauri, in ba haka ba tawada za ta cinye shi. Layi kada ya gaza maki 0.25.

Abin da za a ninke ko a ɗinke

Ɗan littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole shafukansa su rabu da 4, don kowace takarda in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. Idan naka 30 ne, ko ka rage zuwa 28 ko ka cika 32. Tura shafukan ɗaya bayan ɗaya a jere, ka bar wa maɗaba'a aikin jera su a faranti, su suka san girman takardarsu. Littafi mai manne da gam yana buƙatar bango a shimfiɗe guda: baya, ƙashin baya da gaba. Kaurin ƙashin bayan ya dogara da takarda. Shafi 200 a takarda mai giram 80 yakan kai kusan milimita 10, amma nemi ainihin awon daga wanda zai ɗinka. Ƙara fili ta ɓangaren ɗinki don kada rubutu ya nutse.

Takardar A4 mai ninki uku ba a raba ta daidai wa daida. Fuskar da ke shigewa ciki ta zama 97, sauran biyun 100 da 100, kuma a bayan takardar jerin yana juyawa. Ɗauki farar takarda ka ninke da hannu ka rubuta lamba a kowace fuska, za ka ga inda kowace ta faɗa.

Fitar da fayil da dubawar ƙarshe

PDF ya fi komai aminci. Zaɓi PDF/X-1a, wanda aka kafa a 2001: yana tilasta CMYK, yana cusa samfuran haruffa, yana kuma daddale duk wani abu mai shara-shara, shi ya sa tsofaffin na'urori ke karɓarsa lafiya. PDF/X-4 ya fi sabunta kuma yana barin shara-sharan da ransa, amma sai maɗaba'ar ta ce tana iyawa. Kunna bilid na milimita 3 da alamomin yanka, kuma kada matse hotuna ya sauka ƙasa da 300. Inuwa da shara-sharan CorelDRAW sukan fito da wani murabba'i a kewayensu. Idan kana shakka, mayar da duk abin da ke bayan rubutu da tambari hoto guda na CMYK a 300, ka bar rubutu da tambari a samansa a matsayin zane. Mai aiki da Canva ya zaɓi PDF Print, ya kunna alamomin yanka da bilid. Zaɓin CMYK yana ga masu biyan kuɗi, in ba ka da shi gaya wa mai bugawa cewa fayil ɗin RGB ne.

Yanzu rufe manhajar zanen, ka buɗe PDF ɗin shi kaɗai, in da hali a wata kwamfutar. Ƙara girma zuwa 300 ko 400 cikin ɗari ka bi kusurwa-kusurwa. A Acrobat danna Ctrl da D ka duba girman shafi da jerin samfuran haruffa. Mai Acrobat Pro ya buɗe Output Preview ya kashe baƙi: idan ƙananan rubutu sun ɓace gaba ɗaya, K100 ne, idan inuwarsu ta rage, koma ka gyara. Buga shi a ƙaramar firinta a cikakken girma, ka yanke da almakashi, ka ba wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta da ƙarfi. Kira lambar wayar da ke jiki ka ji wa zai ɗauka.

Sa wa fayil suna mai ma'ana, da sunan aiki, girma da kwanan wata, ka tura shi kaɗai ta imel ko a matsayin Document, tare da ƙaramin hoton yadda ya kamata ya fito. Rubuta adadi, irin takarda, gaba ɗaya ne ko gaba da baya, da ko za a yi masa leda mai ƙyalli ko marar ƙyalli. Sannan ka nemi gwaji kafin a kunna inji. A dijital kwafi ɗaya ne za a fitar maka. A ofset, in aikin babba ne, je ka tsaya lokacin da takardun farko ke fitowa, ka fita da ɗaya waje ka duba ta a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba. Idan ta yi, kai da mai aikin ku sa hannu a bayanta da kwanan wata, mai inji ya ajiye ta kusa da shi yana gwada sauran da ita har a gama.